Kundin gwajin rage tsukewar kankare mai ƙarfi da tsohon man tuya

9 ga Disamba, 2024

Abin da ya sa muka fara wannan gwaji shi ne tsagewar bim da murafen kwalbati da muke zubawa a filinmu na bayan garin Kano, waɗanda ake bukatar ƙarfinsu ya kai megafaskal 60 (megafaskal shi ne ma'aunin danniyar da kankare yake iya jurewa). Tsagar siririya ce ƙwarai, sai an jiƙa fuskar kankaren ake ganinta sosai, kuma tana bayyana ne tsakanin kwana na biyu da na biyar, tun ba a ɗora wa bim ɗin nauyin komai ba, galibi a wuraren da rodi ya yi yawa.

Kankaren da aka saba zubawa a ginin gidaje yana ɗauke da ruwa mai yawa, fiye da rabin nauyin simintinsa, saboda haka ba ya tsukewa sai ruwan nan ya fara fita zuwa iska. Namu kuwa ruwansa kashi 30 ne kacal cikin ɗari na nauyin siminti da ƙurar silika (gari mai laushi ƙwarai da ake ƙarawa domin ƙarfi) a haɗe, alhali da zarar an sauko ƙasa da kashi 42 ko kusa da haka, ruwan ba ya isar simintin ya gama aikinsa. Simintin sai ya shiga tsotse ruwan da ke cikin ƙananan ƙofofin jikin kankaren, kuma abin da ake samu bayan siminti da ruwa sun haɗu bai kai girman su biyun kafin haɗuwa ba, domin ana rasa kimanin mililita 6 a kan kowane giram 100 na siminti. Yayin da ƙofofin suka fara zama wayam, ɗan ruwan da ya rage a cikinsu yakan ja bangonsu zuwa ciki, sai kankaren ya tsuke ko da an naɗe shi da leda ruf babu inda iska za ta taɓa shi. Rodi ba ya bin sa wajen tsukewar, kankare kuma ba shi da juriyar ja sai kusan kashi ɗaya cikin goma na juriyar danniyarsa, to daga nan tsagar take fitowa.

Maganin da aka sani shi ne sinadarin rage tsukewa na dangin gilaikol, wanda aka fara amfani da shi a Japan a farkon shekarun 1980, kuma aikinsa shi ne rage ƙarfin jan da fuskar ruwa take da shi. Daga waje ake shigo da shi, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin fili irin namu. Masu bincike a Koriya ta Kudu sun gwada man girki a kan wannan matsala, kuma wannan hanyar ce nake son in ga iyakar amfaninta da kayanmu na nan.

12 ga Disamba

An kammala tara kaya. Siminti mai lamba 42.5R buhu goma a kan naira 9,800 kowanne, yashin Wudil da aka tankaɗe aka shanya, da farfasasshen dutse mai girman milimita 10 zuwa 14. Ƙurar silika da sinadarin sassauta kwaɓi muna da su a sito. Mai walda ya ƙera mazubai ashirin na sandunan gwaji, kowanne milimita 75 a faɗi, 75 a kauri, 285 a tsawo kamar yadda ƙa'idar gwajin tsukewa ta Amurka mai suna ASTM C157 ta tsara, tare da tsayayyen firam da za a ɗaura agogon awo, mai nuna ƙaramin sauyin tsawo, a kansa. Aikin walda da agogon sun ci naira 141,000. Haɗin da za a bi a kowace kiyubik mita ɗaya (mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri) shi ne siminti kilo 450, ƙurar silika 50, ruwa 150, yashi 680, dutse 1,080.

Samun man ya fi yadda na zata wuya. Masu tuyar ƙosai da awara ba sa zubar da mai, ƙara sabo suke yi a kan tsoho har kaskon ya shanye shi, kuma ɗan abin da ke saura baƙi ne ƙirin cike da ƙonannen ƙullu. A ƙarshe wani gidan abinci da ke soya kaza da dankali ya sayar mana da jarka mai lita 20 a kan naira 1,500 kowace lita, wanda mai kula da ɗakin girkin ya ce cakuɗen man gyaɗa ne da na waken soya. An tace shi da ƙyalle ninki biyu aka bar shi ya kwanta. Manja na cire shi daga lissafi, domin yana daskarewa a sanyin asubar hunturu, kuma jan launinsa zai ɓata fuskar kayan da za a sayar.

Babban birkilanmu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ce, "Injiniya, ga baƙin mai nan jarka guda muna shafa wa mazubi, mene ne na kashe kuɗi a kan man tuya?" Na ce masa, "Baba, ai ba santsin man ake nema ba." Man tsirrai idan ya haɗu da ruwa mai kaifin alkali yakan koma sabulu, kamar yadda ake dafa mai da ruwan toka a sami sabulun salo, kuma ruwan da ke cikin sabon kankare alkali ne mai ƙarfi, cike da sinadarin kalsiyam. Sabulun da ke samuwa a nan ba ya narkewa a ruwa, yana zama ne a cikin ƙananan ƙofofin, kuma shi ne ake danganta ragin tsukewar da shi. Baƙin man inji daga ɗanyen man fetur yake, ba ya komawa sabulu, ga kuma dattin ƙarfe da yake ɗauke da shi.

16 ga Disamba

An yi zubin farko na haɗi uku: wanda babu mai, mai kashi 1 cikin ɗari na nauyin siminti da silika, da mai kashi 2. An zuba man yadda yake a cikin ruwan kwaɓi, kuma tun a bokiti ya taso sama ya tsaya. A cikin injin kwaɓi wani ɓangarensa ya manne a jikin tukunyar, bayan an girgiza mazuban kuma sai ga ɗigo-ɗigon mai ruwan ɗorawa sun fito a saman sandunan, wasu da yawa, wasu kusan babu. Gwajin mazurari, wanda ke auna yadda kwaɓi ya saki, ya ba da milimita 200 a haɗin da babu mai, 170 a mai kashi 1. Wannan rashin daidaiton rabon man bai kwanta mini ba, amma an bar zubin ya tafi a haka domin a ga abin da zai haifar.

17 ga Disamba

An cire sandunan daga mazubi, an liƙe rabinsu da tef na alminiyam ta kowace fuska, an bar rabin a buɗe, an ɗauki awon farko. Zan riƙa rubuta tsukewa a matsayin kaso cikin miliyan na tsawon sanda. Domin a gane girman abin, 400 cikin miliyan daidai yake da milimita 1.2 a bim mai tsawon mita uku.

23 ga Disamba

Awon wannan makon duka ya lalace. Lambobin sun riƙa hawa da sauka ba bisa wani tsari ba, sandar da aka auna da safe aka ga ta tsuke, idan aka maimaita da la'asar sai a ga ta ƙara tsawo har ta wuce inda take jiya. Da farko an zargi agogon awon, aka kwance shi aka sake ɗaurawa, aka goge kawunan ƙusoshin da ke bakin sandunan, amma babu abin da ya sauya. Sai da aka rataya ma'aunin zafi a siton sannan dalilin ya fito fili: rufin kwano ne babu silin, da asuba zafin ɗakin digiri 13 ne, da rana kuma ya kai 31. Kankare yana miƙewa da kimanin 10 cikin miliyan a kan kowane digiri ɗaya, wato bambancin digiri 18 yana kawo motsin da ya kai 180 cikin miliyan, wanda ya kusa kai yawan tsukewar da ake nema a gani a mako guda. Ga shi kuma shi kansa firam ɗin ƙarfe yana nasa motsin.

Makon farko shi ne lokacin da mafi yawan irin wannan tsukewar yake faruwa, don haka sandunan zubin farko ba su da sauran amfani wajen awon tsawo. Ƙananan kiyub, wato dunƙulen kankare masu gefe daidai da juna, da aka zuba tare da su domin gwajin ƙarfi suna cikin tankin ruwa, su abin bai shafe su ba.

An sayo tsohuwar firiza mai murfin sama wadda injinta ya mutu a kan naira 18,000, za a jera jarkokin ruwa a gindinta domin su riƙe zafi, a ajiye liƙaƙƙun sanduna a sama tare da sandar ƙarfe guda da za a riƙa aunawa kafin kowane awo da bayansa. Firam ɗin da buɗaɗɗun sanduna za su koma ɗakin ciki mai silin. Awo kuma ƙarfe bakwai na safe kawai.

27 ga Disamba

Bambancin zafi a cikin firizar bai wuce digiri 2 ba tsakanin dare da rana. Laimar iskar ɗakin ciki tana tsakanin kashi 18 zuwa 25 cikin ɗari, alhali ƙa'idar gwajin ta ce digiri 23 da laima kashi 50, saboda haka lambobin buɗaɗɗun sandunanmu sai dai a gwada su da junansu, ba da na littafi ba.

6 ga Janairu, 2025

Zubi na biyu, kuma a wannan karon an narkar da man a cikin ruwa kafin ya shiga injin kwaɓi. A kwanakin da suka gabata an gwada sabulun wanke-wanke a matsayin abin da zai haɗa man da ruwa, sai ya tayar da kumfa mai yawa, kumfa kuwa iska ce, kuma kowane kaso ɗaya na ƙarin iska a kankare yana cin kusan kashi biyar cikin ɗari na ƙarfinsa. An koma ga folisobet 80, wanda masu harkar kayan abinci da man shafawa suke amfani da shi, aka same shi a wajen masu sayar da sinadarai a Sabon Gari a kan naira 14,000 lita ɗaya. An haɗa mai kashi biyu da ruwa kashi ɗaya, aka ƙara folisobet kashi 3 cikin ɗari na nauyin man, aka buga a bilenda minti uku har ya koma fari tas. Kwalbar da aka cika aka ajiye tun shekaranjiya ba ta rabu ba.

Ruwan da ke cikin wannan haɗi an cire shi daga ruwan kwaɓi domin kada ma'aunin kashi 30 ya goce. An kuma jinkirta zuba shi sai da sinadarin sassauta kwaɓi ya gama aikinsa, kwaɓin ya saki, saboda idan mai ya riga ya lulluɓe ƙwayoyin simintin, sinadarin ba zai sami inda zai kama ba. Haɗi huɗu aka zuba: babu komai, narkakken mai kashi 1, narkakken mai kashi 2, da sinadarin gilaikol kashi 1 wanda wani abokin sana'a ya ba mu lita biyu daga ragowar aikinsa. Kowane haɗi sanduna biyar, uku za a liƙe, biyu a bari a buɗe. Babu ɗigon mai ko ɗaya da ya taso bayan girgizawa.

7 ga Janairu

Haɗi uku sun fita daga mazubi lafiya bayan awa 24. Mai kashi 2 kuwa gefensa yana marmashewa idan aka danna da farce, sai da aka ƙara masa awa shida. Wannan jinkiri ba ƙaramin abu ba ne a fili irin namu da ake kwance mazubi kowace safiya a sake zuba wani, kuma yana nufin awon wannan haɗin ya fara a makare.

13 ga Janairu

An kai kiyub ɗakin gwaji an farfasa, naira 2,500 kowanne. Na zubin farko sun cika kwana 28: wanda babu mai ya ba da megafaskal 67, amma mai ɗanyen mai kashi 1, wato man da ba a narkar a ruwa ba, ya warwatse daga 48 zuwa 62 a tukunya ɗaya, kuma a fasassun fuskokin masu rauni ana ganin baƙaƙen aljihuna masu girman ƙwayar gero, suna maiƙo, har ƙanshin tuya suke yi. Ɗanyen mai ya fita daga gwajin daga yau, domin kankaren da ba a iya sanin ƙarfinsa daga wannan kusurwa zuwa waccan ba shi da wurin zama a bim.

Na zubi na biyu a kwana bakwai: babu komai 54, mai kashi 1 ya ba da 49, mai kashi 2 ya ba da 41, gilaikol 52. Tsukewar liƙaƙƙun sanduna a jere ɗaya ita ce 250, da 160, da 120, da 140 cikin miliyan, kuma sanduna ukun kowane haɗi sun yi kusa da juna. Lambar mai kashi 2 ta fi kyau a takarda fiye da gaskiyarta saboda makarar da aka yi wajen fara auna ta.

Da na karanta wa babban birkila sakamakon, sai ya tuna mini daɓen kamfanonin matsar mai da ya sha gyarawa, inda kankaren ƙarƙashin injin yake laushi har a iya kankare shi da cokalin gini. Maganarsa tana da tushe, domin sananne ne cewa man tsirrai da ke zuba a kan kankare shekara da shekaru yana cinye sinadarin kalsiyam ɗinsa a hankali. Bambancin shi ne a can man ba ya yankewa, a nan kuwa kilo biyar ne a cikin kankare mai nauyin sama da kilo 2,400, kuma idan ya gama komawa sabulu shi ke nan. Duk da haka wannan hujja ce ta baki, kuma ita ce ta sa na ware kiyub da za a farfasa a kwana 90 a ga ko ƙarfin yana ci gaba da hawa ko ya fara sauka.

20 ga Janairu

Awo kawai. Tsukewar ta fara lafawa a duk haɗin huɗu.

27 ga Janairu

An fita fili an zuba bim huɗu masu tsawon mita uku, biyu babu mai, biyu da narkakken mai kashi 1. Ranar ta zo da iskar hunturu mai ƙarfi da ƙura. Bayan an gama shafe fuskar biyun farko, ɗaya mai mai ɗaya marar mai, iska ta yage ledar da aka shimfiɗa ta yi gaba da ita, kuma kafin a samo wata a danne ta da bulo an ɗauki kusan minti arba'in. Kankare mai ƙurar silika ba ya tsatso da ruwa zuwa sama yadda na gama-gari yake yi, don haka babu abin da ke kare fuskarsa, kuma kafin azahar duka biyun sun yi tsaga gajeru a karkace a samansu, mai man bai fi marar man komai ba. Biyun ƙarshe an rufe su kamu bayan kamu, mai shafewa yana gaba mai leda yana bin sa, kuma fuskarsu ta fita sumul.

Wannan tsagar daban take da wadda muke yaƙi da ita, domin tana faruwa ne tun kankaren yana ɗanye, lokacin da man bai ko fara komawa sabulu ba. Na tara leburori na gaya musu cewa duk haɗin da aka zuba, rufewa nan take da ban ruwa suna nan yadda suke, saboda na ji ɗayansu yana cewa mai man ba ya bukatar wahalar buhun algarara.

30 ga Janairu

Wajen ban ruwa an lura cewa ruwa yana tsayawa ƙwaya-ƙwaya a kan bim masu mai, yana gangarewa ba tare da fuskar ta yi duhu ba, alhali marasa mai suna shanye shi nan da nan. Wannan yana da amfani ga murfin kwalbati da zai zauna cikin ruwan damina, amma yana nufin yayyafi ba zai wadatar ba, sai jiƙaƙƙen buhu da leda a kansa, kuma akwai tambaya a kan yadda filasta da fenti za su kama irin wannan fuska.

3 ga Fabrairu

Zubi na biyu ya cika kwana 28. Ƙarfi: babu komai 68, mai kashi 1 ya kai 63, mai kashi 2 ya tsaya a 55, gilaikol 65. Tsukewar liƙaƙƙun sanduna: 390, da 270, da 215, da 230. Ke nan mai kashi 1 ya rage tsukewar cikin gida, wato wadda ke faruwa ba tare da iska ta taɓa kankaren ba, da kusan kashi 30 cikin ɗari, ya kuma ci megafaskal biyar. Mai kashi 2 ya faɗi ƙasa da 60, ya fita.

Buɗaɗɗun sanduna ba su ba da irin wannan bambanci ba: wanda babu komai ya tsuke da 620, mai kashi 1 da 560, gilaikol da 430. A busasshiyar iskar ɗakin nan sinadarin da aka ƙera domin wannan aiki ya yi wa man nisa ƙwarai. A ganina man yana taimakawa ne a kwanakin farko da kankaren yake rufe yana shan ruwan jikinsa, kuma a nan ne tsagarmu take fitowa, amma da zarar an yaye leda iskar Kano ta samu shiga, taimakonsa kaɗan ne.

10 ga Fabrairu

Lissafin kuɗi a kan kowace kiyubik mita ɗaya: mai kilo biyar, wato kusan lita biyar da rabi, naira 8,250, folisobet kimanin naira 2,000, jimla sama da 10,000 kaɗan, ban da lokacin tacewa da bugawa. Farashin da dillali ya ba ni na sinadarin gilaikol ya kai ninki huɗu na wannan. Sai dai idan aka ƙara siminti domin a maido da ƙarfin da man ya ci, ratar za ta ragu, kuma ƙarin simintin shi ma yana ƙara tsukewa.

24 ga Fabrairu

An jiƙa bim huɗun an duba su da tabarau mai ƙara girma. A cikin biyun da aka rufe da wuri, marar mai yana da siraran tsaga uku da suka ratsa gefensa kusa da inda zoben rodi ya yi yawa, mai man kuwa babu ko ɗaya. Bim ɗaya da ɗaya ba su isa a yanke hukunci ba. Kiyub ɗin da aka ɗiba daga kwaɓin fili na mai man sun ba da 61, wanda ya yi kusa da 60 fiye da yadda zan yarda in sa hannu a kai, don haka babu wani kaya mai mai da zai fita zuwa ga mai saye tukuna.

Zubi na uku zai kasance da mai kashi 0.75 da ruwa kashi 29. Mai walda zai ƙera mazubin da za a dasa rodi mai milimita 16 a tsakiyar kiyub domin a ja shi a ga ko man ya rage kamun kankare da ƙarfe, da zoben ƙarfe na gwajin tsagewa irin na ASTM C1581, ya ce duka naira 95,000. Za a shafa filasta da fenti a gefen bim mai man da ya tsage tun ranar zubi, tunda dama ba na sayarwa ba ne. Awon kwana 56 na zubi na biyu zai kama ranar 3 ga Maris, na kwana 90 kuma ranar 6 ga Afrilu, sannan za a maimaita zubin bim a tsakiyar Afrilu lokacin da zafi yake haura digiri 40, da mai daga wani gidan abincin daban domin a ga ko sauya tushen man zai sauya sakamakon.